Jan Abin Sha a Teburin Biki: Sobolo, Ruwan Inabi, Ko Wanda Aka Zare wa Barasa?

Tun da aka sa ranar auren 'yar ƙanwata, gidanmu na Aboabo, a Kumasi, bai huta da maganar abin sha ba. Lamurje an san mai yi, burkina, wato abin shan gero da nono, ma haka, lemon kwalba kuwa mota za ta sauke. Inda aka tsaya ana ja-in-ja shi ne jan abin sha, wanda za a tsiyaya a kofin gilashi mai dogon wuya a teburin manya, lokacin da amarya da ango suka zauna ana ɗaukar hoto. Dangin ango daga Akra za su zo, Ankara in ji Mma, tare da abokan aikinsa Asantawa Kiristoci, kuma ƙanwata ba ta son a koma gida ana cewa 'yan zango ba su iya karɓar baƙi ba. Ni aka ɗora wa nauyin, don shekara 14 ke nan ina haɗa abin sha na aure da suna da walima, daga Asawase har Tafo.

Abu uku ne a gabanmu. Akwai sobolo, wato zoɓo, wanda na fi sani kamar yunwar cikina. Akwai ruwan inabi mai gas da ke zuwa a kwalba irin ta shamfen, wanda mutanenmu ke kira wayin ko da babu ɗigon barasa a ciki. Sai na uku, baƙon da ƙanina ya sauko da shi daga Jamus: giyar inabi ta ainihi, ja, haɗin inabi iri biyu, wadda aka gama ta tsaf sannan aka zare mata barasar. Na rubuta wannan ne don duk wadda ta tsinci kanta a inda muka tsinci kanmu, kuma zan faɗi abin da harshena ya ji ba tare da kara ba.

Ƙanin nawa ya yi shekara 11 a kicin ɗin wani gidan abinci a Hambog. Bai taɓa kai giya bakinsa ba, amma kunne ba shi da marfi, hanci ma haka, kullum yana jin masu kula da kwalabe suna koya wa sababbin ma'aikata. Shi ya fara buɗe mini ido a kan abin da Turawa ke nema a cikin jan abin shan nan nasu har suke zuba masa dukiya. Ya ce mini, "Yaya, da yawa daga cikin manyan da ake ji da su ba inabi ɗaya ba ne, haɗi ne." A Bordo, kudu maso yammacin Faransa, inabi biyu ne ke riƙe da gidan. Cabernet Sauvignon ƙananan 'ya'ya gare shi masu kaurin fata, shi ke ba da duhun launi da bauri da ƙarfin da zai sa kwalba ta yi shekara goma ko ashirin tana gyaruwa. Merlot ya fi laushi, ya fi cika baki, yana kuma riga nuna. Idan aka bar na farko shi kaɗai yana iya yin tsauri, ya ɗaure harshe; na biyu shi kaɗai yana iya yin sanyin hali, ya rasa ƙashin baya. Sai a gauraya, a ɗan yafa Cabernet Franc don ƙamshi, wani lokaci da ɗan Petit Verdot don launi. A ɓangaren Medok, inda ƙasar tsakuwa ce, Cabernet ke rinjaye. A Saint-Émilion da Pomerol, inda yumɓu ya fi yawa, Merlot ne a gaba. Kuma asalin dabarar har da tsoron damina: idan ruwa ya ɓata wanda ke jinkirin nuna, wanda ya riga shi zai rufa wa manomi asiri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda ake haɗin. Kowane inabi ana sarrafa shi daban, wato a bar shi ya tsumu daban, a zuba a gangar katakon oak mai cin lita 225, ya yi shekara ɗaya ko biyu. Sannan mai haɗi ya zauna da kofuna a jere, yana ɗanɗanawa, yana ƙara wannan yana rage wancan, har sai babu wanda ya danne wani. Katakon nan yana ba da ƙamshin da mu ma muka sani: sinadarin da ke sa kanumfari ƙamshi, eugenol, yana cikin itacen oak. Inabin Syrah da ake haɗawa da Grenache da Mourvèdre a kwarin kogin Rhône yana ɗauke da sinadarin da ke cikin baƙin masoron kanti. Jan launin fatar inabi da jan launin zoɓo kuwa dangi ɗaya ne, anthocyanin. Da ya zo nan sai na ajiye ludayi na dube shi. Ya yi murmushi ya ce, "Ke ma ai abin da suke yi kike yi, tukunya ce ta bambanta."

To, me ake nema a kofin? Tsami mai tsinka yawu, don ya wanke maiƙo. Bauri, irin wanda goro ke bari a dasashi, ko shayin da ya daɗe a buta. Duk mai cin goro ya san yadda bakinsa ke bushewa, sannan in ya kurɓi ruwa ya ji gardi. Sai jiki, wato abin ya yi nauyi a baki, kada ya zama tsararo. Sai ƙamshi mai hawa-hawa, wanda na farko daban, wanda zai biyo bayan an haɗiye daban. Sai daɗewa: bayan kofi ya bar baki, har yaushe ɗanɗanon zai zauna? Zaƙi ba ya cikin lissafin sosai, don yisti ya cinye sukarin inabin ya mai da shi barasa, kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Da wannan ma'aunin na auna ukun nan.

Wata Lahadi bayan La'asar muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni da Mma da ƙanwata da ƙanina da amaryar kanta. Na aiki yaro ya sayo cicinga, wato tsire, mai zafi, na ɗebo jalof da shito, soyayyen yajin nan na Ghana, a faranti, don abin sha na biki ba shi kaɗai ake sha ba, sai an gwada shi da abin da zai tarar a teburi.

Muka fara da ruwan inabi. Maganar gaskiya, wajen ado babu na biyunsa. Takardar zinariya a wuya, waya a murɗe, marfi ya yi tsalle da ƙara, kumfa ta taso ruwan hoda, yaran gida suka taho da gudu. Wannan ƙarar ita ake biya wa rabin kuɗin. A baki kuma zaƙi ne ke yin sallama, zaƙi ne ke zama, zaƙi ne ke yin bankwana. Akwai ɗan tsami, gas ɗin yana ɗan tsikarar harshe, amma bauri kusan babu, ƙamshin kuma hawa ɗaya ne, na alewar inabi. Da na ci cicinga na kora da shi, maiƙon bai tafi ba, sai zaƙin ya hau kansa ya zauna. Da shito ya fi kyau, don zaƙi yana kwantar da yaji. Dalilin a fili yake: ba a bar shi ya tsumu ba, saboda haka duk sukarin inabin na nan. Dabarar ta samo asali ne daga wani likitan haƙori ɗan cocin Methodist a Amurka, Thomas Welch, wanda a 1869 ya dafa ruwan inabi don ya kashe yistin, saboda yana son abin da za a sha a coci ba tare da barasa ba. Tsantsar ruwan inabi yana ɗauke da sukari wajen giram 15 a kowane mililita 100, ya fi na lemon kwalba yawa. Kofi ɗaya na mililita 150 ya haura giram 20 ke nan, fiye da ƙaramin cokali biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2015 take cewa babba ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50 a yini, in da hali ma rabin haka. Teburin manya kuma shi ne teburin masu ciwon sukari, kowa ya san wannan a zango.

Sai kuɗi. Kwalba ɗaya mililita 750 ce, kofi biyar. Baƙi 300 su sha kofi ɗai-ɗai, kwalba 60 ke nan, katan biyar masu cin dozin. Kaya ne na waje, farashinsa yana bin dala, ga harajin kashi 20 cikin ɗari da gwamnatin Ghana ta ɗora wa abubuwan sha masu zaƙi a 2023. Amma yana da alherin da ba zan ɓoye ba. A rufe yake tun daga kamfani, ba ruwansa da hannun kowa, ba ya lalacewa in wuta ta ɗauke, ana iya saye wata guda kafin biki a tura ƙarƙashin gado, abin da ya rage kuma a ba surukai su tafi da shi.

A nan dole in tsaya in ja kunne, don na taɓa ganin abin da ya kusa zama abin kunya. Shekarun baya, a wani suna, mai gida ya aiki yaro wani kanti ya ce a ba shi wayin katan biyu. Kwalaben duk jajaye, duk da hoton inabi. Ina jera su a cikin ƙanƙara sai idona ya faɗa kan ƙasan takardar wata: 12.5% vol. Kwalba shida cikin katan ɗaya giya ce tsagwaronta. Gabana ya faɗi, na kwashe su na kai bayan ɗaki kafin malamai su zauna. Tun ranar ba na yarda da kalar kwalba ko maganar mai kanti. Ina juya kowace ɗaya in karanta. In an rubuta grape juice ko grape drink, ruwan inabi ne, sai dai na biyun an tsinka shi da ruwa an ƙara sukari. In an ga lamba da alamar kashi da kalmar vol, a dubi lambar da kyau. A kuma nemi lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, da ranar lalacewa.

Muka zo kan baƙon Jamus. Kwalba baƙa mai kafaɗa, takardar tana cewa Cabernet Sauvignon da Merlot, 0.0%, ga tambarin halal a gefe. Saboda tambarin na yarda na kai baki. Launinsa ya burge ni, ja mai duhu kamar jinin kare da ya sha rini, gefen kofin yana ɗan shuɗi. Da na kai hanci na gane abin da ƙanina yake ta faɗa: akwai ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itace, kamar ɗinya da ta nuna luguf, a bayansa ɗan katako, ɗan kanumfari can nesa. Hanci ya yi alkawari babba. Baki ne bai cika ba. Tsamin ya fito da ƙarfi, baurin ya kama dasashi, amma tsakiyar fanko ce, kamar miyar da aka sa wa kayan ƙamshi aka manta da nama. Ina haɗiyewa ya ɓace, ya bar ɗan ɗanɗanon dafaffen abu. Da cicinga ya ɗan farfaɗo, don bauri yana son maiƙo, ya fi ruwan inabi wanke baki nesa ba kusa ba. Da shito kuwa faɗa suka yi, yajin ya ƙara zafi, baurin ya koma ɗaci.

Ƙanina bai musa ba. Ya ce barasar ita ce ke ba wa abin nauyi da ɗumi, ita ke ɗauke da ƙamshi zuwa hanci, in an zare ta an zare ginshiƙi. Barasa tana tafasa a digiri 78, amma in aka dafa giya a wannan zafin ta mutu. Shi ya sa ake yi a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, inda barasar ke tashi a zafin da bai kai digiri 40 ba. Wani mai sana'ar inabi a Jamus, Carl Jung, ya yi wa dabarar rajista tun 1908. Yanzu akwai injin da ke fara kama ƙamshin ya ajiye, a cire barasa, sannan a mayar da shi, akwai kuma mai tacewa ta cikin wata siririyar fata. Duk da haka sai an ɗan ƙara ruwan inabi ko sukari don cike gurbin. Kuma jan nan ba ya son ƙanƙara: sanyi mai yawa yana ƙara masa bauri ya kulle ƙamshin, a digiri 15 zuwa 18 ake son sa. Wa zai tsaya auna wannan a ƙarƙashin rumfa a Kumasi, rana tana dukan kwano?

Mma ko kurɓa ba ta yi ba. Ta kai kofin hanci, ta ture shi gefe da bayan hannu, ta ce, "Wannan warin na san shi, shi nake ji in na wuce ta gaban mashaya. Ku ɗauke mini." Ƙanina ya ce, "Mma, an cire fa, ga shi a rubuce." Ta ce, "An cire daga ina?" Wannan tambayar tata ita ce dukan maganar. Na kai ta gun limaminmu, na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ya taso." Ya ce malamai sun rabu. Akwai masu ganin in babu abin da ya rage mai sa maye, hukuncin ya tafi da dalilinsa, shi ya sa wasu hukumomin halal ke buga tambari. Akwai kuma masu cewa abin da aka fara ƙera shi giya da gangan ba ya tsarkaka don an tace shi. Ya tuna mini hadisin da ke cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, da wanda ke cewa a bar abin da ake kokwanto a kama wanda babu kokwanto. Sannan a san wannan: a dokar Tarayyar Turai ta 2021, ana iya rubuta de-alcoholised a kan kwalba matuƙar barasar ba ta wuce kashi 0.5 ba. Wato kalmar kaɗai ba ta nufin babu ko ɗigo, 0.0 ne ya fi kusa da haka. Mutum shi kaɗai a ɗakinsa yana iya bin malamin da zuciyarsa ta natsu da shi. Mai biki kuwa yana zuba wa mutum ɗari uku ne, waɗanda ba su tambayi kowa ba, sun dogara da shi. Ni ba zan ɗauki wannan a wuyana ba.

Saura sobolo, kuma a nan zan daɗe, don an raina shi ne saboda an saba ganin sa a tsohuwar robar ruwa, a kan yarinya, a cunkoson kasuwar Kejetia. Wancan na kashe ƙishi ne: an tafasa shi har ya gaji, an tsinka, an danna sukari da citta don su rufe asiri. Wanda nake nufi daban ne.

Farko, zoɓon kansa iri-iri ne. Akwai mai duhu, kusan baƙi, wanda ke ba da launi mai zurfi da jiki, tsaminsa da sauƙi. Akwai ja mai haske, ɗan siriri, mai tsami kamar ya tsaga harshe, amma ƙamshinsa ya fi tashi. Ni nakan ɗauki kashi uku na mai duhu, kashi ɗaya na mai haske. Daga arewa yake zuwa mana, ta Bolga da Bawku, wani daga Burkina Faso da Nijar da arewacin Najeriya, kuma sabo yana shigowa ne da hunturu. In za ki saya, ki damƙa a hannu: mai kyau yana da sheƙi, yana ɗan lanƙwasa kafin ya karye, yana barin ja a tafi. Wanda ya koma ruwan ƙasa yana warin rumbu na bara ne, ki bar shi ko da kyauta ne. A wanke da ruwan sanyi sau biyu cikin sauri, don yashi ya tafi launi ya tsaya.

Na biyu, ba na tafasa zoɓo. Ina tafasa ruwa, in sauke, in zuba zoɓon, in rufe ya kwana. Doguwar tafasa tana dusashe jan, tana kawo ɗanɗanon miyar yakuwa. Tukunyar kuma kada ta zama ta dalma, tsamin yana cin ta. Ta silba mai ƙarfi ko roba mai tsabta bayan ruwan ya huce. Kanwa kuwa na yi hannun riga da ita. Tana kashe tsami, gaskiya ne, amma tana juya launin ya yi baƙi-baƙi mai shuɗi, tana kuma tafiya da abin da ya sa zoɓo ya zama zoɓo.

Na uku, kuma wannan ne na ƙara gyarawa bayan hirar Bordo: kayan ƙamshi kowanne tukunyarsa daban. Citta ɗanya daban. Kanumfari da masoro daban. Kimba, wadda Asantawa ke kira hwentia, a ɗan fasa ta kawai, kada a daka 'ya'yan, don nan ɗacin yake. Ita ke ba da ƙamshin hayaƙi mai kama da na katako. Prekese, busasshen ɗan itacen nan mai ƙamshi, a gasa shi a kan garwashi har ya fara tsatso da zaƙi, sannan a tafasa shi da ɓawon abarba da aka wanke tas. Washegari in jera su a kofuna, in ɗebi zoɓo lita ɗaya, in riƙa ɗigawa ina ɗanɗanawa har in sami inda babu wanda ya ɗaga murya, sannan in ninka a babban mazubi. Citta ita ce mai son mulki, in aka sake mata ta mai da komai lamurje, saboda haka a wannan haɗin a baya take tsayawa. Don jiki, dabino nake jiƙawa in markaɗa in tace ta ƙyalle sau uku. Don bauri, wanda zoɓo ba shi da shi da yawa, ina jiƙa ganyen baƙin shayi na minti biyar in zuba kaɗan. A lita 20 nakan sa zoɓo kilo 1 da ɗan ɗoriya, sukari kilo 1 da rabi. Kofi ɗaya yana tashi da sukari wajen giram 11, kusan rabin na ruwan inabi, ban da ɗan abin da dabino ya ƙara. Lita 20 ɗin nan kofi 130 ne da 'yan kai, daidai da kwalba kusan 27.

Shi na zuba musu a ƙarshe, a cikin irin kofin da aka sha sauran. Amarya ta ɗaga shi sama, hasken yamma ya ratsa, ja wur kamar yakutu, babu gurɓi. Ƙamshin farko na zoɓo da abarba ne. A baki tsami ke shigowa, dabino ya tare shi ya cika tsakiya, sai kanumfari da kimba su biyo, in an haɗiye kuma ɗumin citta da masoro ya sauka a maƙogwaro ya zauna. Wannan ɗumin shi ke tsayawa a gurbin da barasa ta bari a kwalbar Jamus. Da cicinga ya wanke maiƙon tas, har hannu ya koma faranti. Da jalof da shito bai yi faɗa ba, ɗan zaƙin ya lallashi yajin. Kuma yana ɗaukar ƙanƙara ba ya rasa kansa. Ƙanina ya yi shiru, ya sake kurɓa, ya ce ƙamshin na Jamus ya fi hawa-hawa a hanci, a wannan ba zai janye ba. Na yarda da shi. Amma daga leɓe zuwa maƙoshi, sobolon ne ya fi kusa da siffar da shi kansa ya zana mana.

Inda sobolo ke da rauni ma zan faɗa, don na sha wuyarsa. Ba ya jira. Wata shekara na haɗa lita 40 na wata walima, na sa abarba markaɗaɗɗiya a ciki, daren nan wuta ta ɗauke ba ta dawo ba sai hantsi. Da na buɗe jarkar sai ta yi huci, kumfa na tasowa, warin ya canja. Yistin da ke jikin abarba ya sami sukari da zafi, ya fara aikin da ake yi a Bordo. Na tuntsurar da shi duka a kwata, na sayi lemon kwalba da kuɗina. Ko tsimin dabino da zabibi da ake yi wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba ya wuce kwana uku yake sha, abin da ya rage a ba wani ko a zubar. Yanzu sai ana gobe biki nake sa sukari da dabino, ɓawon abarba kuma sai dafaffe, sannan ina ajiye ƙanƙarar bulo ko da firiza na aiki. Tsabtarsa duk tana hannun mai yi, saboda haka in ba ki san ruwan da aka yi amfani da shi ba, ba ki san abin da kika ba baƙi ba. Yana kama farin leshi da shadda, in ya zuba a yi maza da ruwan sanyi. Yana kuma sauke hawan jini: a wani gwaji na Jami'ar Tufts a Amurka da aka buga a 2010, mutanen da suka sha kofi uku kullum na mako shida lambar jininsu ta sama ta sauka da kusan maki 7. Alheri ne ga da yawa, amma mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tambayi likita kafin su mai da shi ruwan sha.

Saboda haka in ana tambayata, ga yadda nake raba su. Wadda bikinta ke nesa, ko ba ta da wurin sanyaya, ko ba ta da mai haɗin da ta amince da hannunta, ta sayi ruwan inabi, ta karanta kowace kwalba, ta zuba rabin kofi. Wanda ya bar giya yana kewar ƙamshinta, ko maƙwabcinmu Kirista da likita ya hana, wanda aka zare wa barasa zai yi masa amfani a teburin gidansa, da nama mai maiƙo, ba da yaji ba, kuma ya shanye cikin kwana biyu ko uku bayan buɗewa, don babu barasar da za ta tsare shi. Taron zango kuwa, mai malamai da tsofaffi da yara, inda za a ci jalof da tuwon shinkafa da naman sa, sobolon da aka haɗa da natsuwa ya fi dacewa da abincin, ya fi sauƙi a aljihu, babu kuma wanda zai ɗaga kofi yana tambayar zuciyarsa.

Ƙanwata dai ta tsaya a kan cewa tana son a ji ƙarar marfi a bidiyo. Muka tsaya a tsakiya. Za a sayi ruwan inabi katan biyu, ɗaya a buɗe lokacin yanka kek, ɗaya a sa wa dangin ango a mota. Ni kuma zan haɗa sobolo lita 60, in zuba na teburin manya a sababbin kwalaben gilashi da aka dafa a ruwan zafi, a manna musu takarda mai sunan amarya da ango. Kwalbar Jamus da ta rage ƙanina ya mayar cikin akwatinsa. Ranar Alhamis da sassafe zan shiga kasuwa wajen matar da nake sayen zoɓo a hannunta, ta ce buhun mai duhu ya iso daga Bawku, kuma amarya ta ce za ta bi ni ta koyi yadda ake damƙawa.